Mas'udu da Gasar Kamfani a Lusail

"Ni ba na shiga gasar da ba ta da tambari," in ji Injiniya Mas'udu, yana shafa tumbi. "A yi iyo, a yi keke, a yi gudu, a ƙarshe a ba mutum ayaba? Allah ya kiyaye!"

Ka san me ya jawo wannan cika baki? 'Yar ƙungiyarmu ce ta 'yan Najeriya a Doha. Tun lokacin korona Malachi, mai gyaran na'urorin asibiti, yake shirya mana ƙaramar gasar wasa uku ranar Juma'a da safe. Mutum talatin ne, ba lasifika, ba mai hoto, amma ko kai ne na ƙarshe sai an tsaya an tafa maka. Shi kuwa Mas'udu kujerar shugaba yake so, don ya soke gasar ya kai mu ta wani babban kamfanin Turawa mai shirya irin wannan gasa.

"To shiga tasu mu gani," in ji Dorkas, nas ɗinmu mai bakin tsiya. "In ka gama, kujera taka ce, mu rufe tamu."

"Khalas! Magana ta ƙare. Ku fara ban kwana da ayabarku."

Malachi ya yi dariya, amma na ga jikinsa ya yi sanyi. Gasar nan ita ta riƙe shi lokacin kulle.

Gaskiya Mas'udu ya yi atisaye, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Shekara biyu yana murza keke a falonsa da ke unguwar Ain Khaled. Sai dai keken a kafe yake a kan ƙarfe, gaban talabijin. Malachi ya roƙe shi ya zo ya gwada titi ko sau ɗaya, gogan ya ce shi ba sa'an 'yan koyo ba ne.

Bayan an gama Gasar Kofin Duniya, ranar ta zo. Muka ɗunguma birnin Lusail kallo. Ga tutoci, ga kiɗa, ga ƙaton allo, ga Mas'udu Zakaran Falo cikin baƙar rigar roba, zif a gaba.

"Injiniya, ka sa ta a baibai," in ji Malachi.

"Sabon yayi ne. A ina za ka sani?"

Aka faɗa ruwa. Rigar ta shaƙe shi, ya sha gishirin teku har ya ƙoshi. Da ya fito bai sha wahalar neman kekensa ba, domin cikin kekuna ɗari takwas nasa kaɗai ya rage.

Ya sa takalman nan masu maƙalewa a feda, ya hau. Kai, ka ga gudu! A miƙaƙƙen titi Sarkin Kujera ya zama iska, har ya wuce mutum uku yana ihu, "Yalla! Ku ba da hanya!" Malachi ya kama kai. Ni ma na ce shi ke nan, gasarmu ta tafi.

Sai ga kwana.

To a falo ina aka taɓa yin kwana? Sauran masu keke suka karkata hagu, Mas'udu ya miƙe sak, ya share robobin hanya, ya ratsa teburin ruwan sha, ya dangana da allon tallan kamfanin. Ya ja ƙafa ya dafa ƙasa, takalmi ya ce ina nan. A hankali, cikin natsuwa, ya kife gefe, shi da keke a haɗe, tayoyi na juyawa a sama.

Ban kuma raina kamfanin nan ba, sun iya aiki. Nan take suka haska shi a ƙaton allo, mai lasifika ya karanto cikakken sunansa har da ƙasarsa, aka maimaita faɗuwar sau uku.

Muka rugo. Yana kwance yana nishi.

"Ƙafata! Ku ɓalle ni daga abin nan! Yaya ake cirewa?"

Dorkas ta durƙusa ta duba shi, ta ga ko ƙwarzane babu. Ta ciro 'yar takarda da biro.

"Ranka ya daɗe, akwai gurbi ɗaya a ajin 'yan koyo na Malachi ranar Juma'a. In rubuta sunanka, ko mu bar ka a nan ka ƙarasa gasar?"

Ya dubi allo, ya dube mu, ya yi ƙasa da murya.

"Rubuta. Amma don Allah kar ki sa Injiniya."