Ɓarawon Tatsuniya

"Sannu da gida, tsohuwa. Ashe har yau mutuwa ba ta gane ƙofarki ba?"

Bamalli ke nan, malamin firamare, yake gaida kakarsa Uwani a Maje, tana ɓarar gyaɗa. Ya gama rubuta littafinsa, amma bai san kowa a wurin masu bugawa ba. Sai Allah ya kawo Istifanus, mutumin Sabon Wuse mai aiki a wata maɗaba'a a Zariya, ya ce zai kai wa edita, ya sa baki. Gobe Istifanus zai koma Zariya. Gogan naka Bamalli kuwa tsoro ya hana shi sakat, don kwafi ɗaya ne tal, rubutun hannu.

Uwani ta ce, "Mutuwar ta zo, na ce ta jira mijina ya yi abin kai tukuna. Mene ne ka rungume kamar jinjiri?"

"Littafina ne."

"Au, bai tafi Zariya ba?"

"In ruwa ya jiƙa shi a mota fa? In Istifanus ya mance shi a tasha?"

"To kwanta a kai, ƙila ya ƙyanƙyashe! Dillali bai ga akuya ba, yaya zai yi cinikinta? Zomo ba ya kamuwa daga zaune, raggon miji."

"Ke me kika sani a littafi? Haƙora uku gare ki, biyu ma sun yi ritaya."

"Da ɗayan zan cije ka. Karanto in ji."

Ya gyara murya, yana hura hanci. "Wata rana kura ta je sayen tukunya wurin Gwarawa..."

"Ta sa kai don ta gwada, kan ya ƙi fita! Ɓarawo! Wannan ai tawa ce, a cinyata ka ji ta kana majina!"

"Gyara ta na yi."

"Gyaran gangar Abzinawa!"

Ta miƙe da ƙyar, ta ciro sabon zane daga kwalla, ta naɗe takardun tsaf, ta danƙa masa.

"Kai wa Istifanus. In ya ɓata, asalin yana nan." Ta dafa kanta. "Sai ka zo da alƙalami mu sake."

Bamalli ya fashe da dariya.

"Na sallama, amarya. Sunanki ne a shafin farko."

"To yi sauri, angona. Wadda na ce ta jira ɗin nan ba ta cika haƙuri ba."