Yadda Za Ka Yi wa Tuffar Matarka Aski Har Ta Koma Turke

Duk namijin da ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba shi tabbacin cikin yini guda zai mayar da bishiya mai shekara arba'in ta koma turke. Ban taɓa zama ajin koyon noma ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina wannan layi namu a jihar Minnesota ta Amurka ina kallon maza suna hawa tsani, kuma babu wanda ya kamo ƙafar maƙwabcina Merle Tostenson. Da shi za mu yi darasi. Bishiyar kuwa 'yar tuffar nan ce mai tsami da ke gaban gidansa, wadda marigayiya surukarsa ta dasa da hannunta. Matarsa Ardis tana ji da ita fiye da yadda take ji da shi, kuma ya sani.

1. Jira mai bishiyar ta yi tafiya

Ana rage wa tuffa rassa a ƙarshen sanyi, kafin ta fara toho. Wannan gaskiya ce, kuma daga ita ba za ka sake bukatar wata ba. Ka yi sa'a, lokacin ne matan garin nan suke gudu jihar Arizona mai zafi wurin 'yan'uwansu su sha rana. Ranar da Ardis za ta tafi, ta nuna wa Merle wani busasshen reshe da ke gogar rufin gareji, ta ce shi kaɗai zai cire. Sau uku ta faɗa. In mace ta faɗi magana sau uku, ba ta tabbata ba ne. Taimaka mata.

2. Raina kayan aikin gidanka

Ƙaramin zarto ya isa wannan aiki, saboda haka je ka aro zarton inji. Merle ya tsallaka wurin Vern Kuchera, tsohon direban motar share ƙanƙara, mutumin da ko albasa bai taɓa shukawa ba. Vern ya ba shi injin, ya kuma biyo shi da kofin gahawa a hannu, don a nan ba a aron inji a bar mai shi a gida.

Masana sun ce a riƙa wanke bakin zarto da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka. Riƙe wannan ƙa'ida da kyau. Merle bai tsallake ko sau ɗaya ba. Abin da ya samu bishiyar ya same ta, amma ba wanda zai ce cuta ce.

3. Cire reshen, ka ja da baya ka duba

Nan ne ake gane gwani. Malalaci yakan cire reshe ya shiga gida. Merle ya ja da baya taku goma, Vern ya karkata kai ya kurɓi gahawa.

"Mutumina, ta karkace hagu."

Merle ya cire na hagu. Sai ta karkace dama. Ya cire biyu a dama. Kafin rana ta take, maza uku sun ƙaru a bakin shinge, kowa da kofinsa da ra'ayinsa. Wani ya ce a gonar kakansa ma'aunin shi ne ka jefa hularka ta ratsa tsakanin rassa ba ta maƙale ba. Merle ya jefa, ta maƙale, ya yanke reshen da ya riƙe ta. Haka aka yi ta yi har jifa na goma sha ɗaya, da hular ta tashi ta sauka daram a kan abin da ya rage. Tsawonsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Maza huɗun nan kowa ya tuna yana da aiki a gida.

4. Kada ka ce kuskure ne, raɗa masa suna

Ɓarnar da aka raɗa wa suna ta zama fasaha. Merle ya kira tasa askin sabuntawa. Vern ya ce ai haka ake yi a Faransa, kuma tunda babu wanda ya taɓa zuwa can a layin, maganar ta zauna.

5. Ɓoye rassan, amma ban da ƙarya

Motar hukuma ba ta kwasar rassa sai watan Yuni, don haka cusa su a gareji, motarka ta kwana a waje. Ni ba na koyar da ƙarya, ƙarya halin ƙananan mutane ce. Duk Lahadi Ardis takan bugo waya ta tambayi reshen, Merle ya ce an cire. An kuwa cire. Ta tambaya ko bishiyar ta sha iska, ya ce ba ta taɓa shan irinta ba.

6. Sa ranka a kan 'yan tsiron gindi

Da ƙasa ta yi ɗumi, wasu 'yan sanduna za su ɓullo a gindin turken. Kowane mai lambu yanke su yake yi, domin bishiyar mai aure ce: mai jan furen ita ce ta sama, wadda ke gareji yanzu, saiwar kuwa ta wata tuffar daji ce. Kai kada ka kula. Merle ya zuba musu taki, ya kewaye su da waya saboda zomaye, yana gaishe su da safe.

7. Tsaya a ƙofa ranar dawowarta

Ardis ta sauka tsakiyar Mayu, kowane gida a layin tuffarsa ta yi fure kamar an shirya biki. Ta daɗe tsaye gaban turken da jaka a hannu. Matan nan ba sa ɗaga murya, kuma gara a ce suna ɗagawa. Ta juyo wurin Merle.

"Baban Joyce, nuna mini busasshen."

Ya kai ta gareji, ya yi ta tono bai gane shi ba. Ta ce ba komai, ta shiga ta dafa masa abincin da ya fi so.

Washegari da ƙarfe biyu na rana ta fito da kujera, ta kafa ta a gindin turken, ta zauna tana saƙa, ba hula ba ɗankwali. Kwana uku tana haka, hancinta ya yi ja ya fara saɓa. Matar fasto ta tsayar da mota ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, 'yar'uwa. Inuwar Mama nake sha."

Merle yana ji daga taga. Ya shiga ɗaki ya ɗauko laima.

8. Koyi riƙe laima

Tsaya daga yamma da kujerar, ka riƙa bin rana. Sauya hannu duk bayan minti goma sha biyar, kada ka yi magana, in tsuntsu ya sauka maka kada ka kore shi. Mai sayar da dashe ya ce 'yan tsiron za su yi inuwa nan da shekara bakwai, in zomaye sun yarda. Merle yana shekara ta biyu, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tsawo. A kakar da ta wuce Ardis ta ɗaga kai daga saƙarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko bana zai yi 'ya'ya.

Gargaɗi

Na yi alkawarin turke, kuma ka samu. Abin da ya biyo baya, ko ciwon kafaɗa, ko ƙunar rana, ko shirun da za ka riƙa ci da abinci, tsakaninka ne da mai bishiya da marigayiyar da ta dasa ta. Kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, kada ka aiko a ari laimata. Tuffata tana nan da rassanta duka, har da busasshen, domin ranar da aka ce in cire shi na ce bayana yana ciwo.