Dusar da Na Raba a Gidan Amumune

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da bazarar da na tara mutanen ƙauye shida a ƙarƙashin gawo saboda dusar da babu ita. Ni malamin aikin jarida ne a jami'a, kuma darasin da na fi taƙama da shi shi ne na gane labarin ƙarya a salula (ku riƙe wannan, don Allah).

Ɗaliban shekarar nan sun ishe ni. Duk abin da ya faɗo musu a waya sai sun tura, ko an ce jaki ya yi sallama a kasuwa. Na yi faɗa, na rage maki, a banza. Sai na ce bari in ɗana musu tarko. Ranar wata Talata na rufe ƙofar biro, wato ofishina, na toshe hanci da yatsu biyu, na ɗauki murya: wai wata ƙungiya za ta raba dusa da angurya kyauta ga makiyaya, jibi Alhamis da safe, a bakin kasuwar Gidan Amumune, kowa ya zo da buhunsa. Na zaɓi garin ne don ƙauyenmu na kusa da shi, sunan ya fi zama a bakina. Na saurara, na yaba wa kaina, na tura a gurup ɗin aji don in ga wa zai gano ƙarya ce.

Washegari na tambaye su. Suka ce ba su ga komai ba.

"Ba ku gani ba, ko ba ku duba ba?" na ce. Na kwashe rabin awa ina yi musu wa'azin lalaci, daga baya na ɗora laifin a kan rezo, na ce layin waya ne ya hana saƙon shiga. Duba tawa wayar kuwa, ko a raina bai zo ba.

Ranar Alhamis da hantsi wata ɗaliba, Rahila, ƴar garin Cake da ke yankinmu, ta same ni a biro riƙe da kaye, littafin rubutunta. Yarinya ce mai natsuwa, ita kaɗai ke rubuta duk abin da na faɗa. Mushe take ce mini, wato malam, kamar sauran ɗalibai.

"Mushe, mamata ta turo mini wata murya daga gida, ta ce in bincika. Na bi matakan da ka koya mana. Ba sunan ƙungiya, ba sunan mai magana. Na bi waɗanda suka tura ɗaya bayan ɗaya har mutum bakwai."

"Madalla! Ina tushen ya tsaya?"

Ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini kayen. Lambata ce a ƙasan shafi, ta ja mata layi biyu.

Ashe gurup ɗin ƴan ƙauyenmu na tura wa, wanda na kashe wa ƙara tun bara saboda yawan surutunsu. Na buɗe shi. Addu'o'i ne jere, ana sa mini albarka. Kafin in gama karantawa Kawu Lawali, ƙanin mahaifiyata, ya kira.

"Kai, ina motar dusar? Tun asuba mutane ke nan da amalanke."

Na fara yi masa bayanin darasi. Ya katse ni: "Ban gane ba, kuma ba ni za ka yi ma bayani ba. Ka taho."

Mota zuwa Mayahi, daga nan kabu-kabu cikin rairayi, har sau biyu muna sauka muna turawa. Sai bayan la'asar na isa, riga ta manne mini a baya. Wasu sun gaji sun tafi, amma waɗanda suka rage sun isa su cika masallaci. Jakuna, amalanke, mata zaune a kan buhunan da suka ninke. A watan da ciyawa ta ƙare, saniya na lasar ƙasa, mutum ya bar garkensa wuni guda saboda ni. Nan dariyar abin ta fita daga kaina.

Kawu ya kai ni gaban wani dattijo, Ardo Julde, shugaban makiyayan da suka zo daga wajen Kanan Bakashe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce kuskure ne, gwaji ne na shirya wa ɗalibai.

"Muryar wa ce?" ya tambaya.

"Tawa ce, Baba."

"Ba ta yi kama da taka ba."

Kawu ya ce in nuna musu. Jama'a, da digirina da furfurata, na toshe hanci a gaban mutane na ce, "Sanarwa ga makiyaya." Wata tsohuwa ta yi salati. Wasu suka fashe da dariya, wasu ko murmushi.

Ardo bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni da na ji ta ban yarda ba, don mai maganar bai hwaɗi sunanshi ba. Sai aka ce mini daga wayar malamin jarida ta hito, ɗan gidan su Lawali. Shi ya sa na taso mutanena." Sai ya tambaye ni, "Wai mi kake koya ma yaran can?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, a hankali, "Yadda ake gane labarin ƙarya."

"To, mu dai mun gane wanga," in ji shi. "Da ƙahwa muka gane shi."

Ya sa na ɗauki sabuwar murya nan take. A karo na farko ya ce na cika turanci. Na biyu ya ce ban faɗi sunan ubana ba, wa zai san wanda ya yi ƙaryar? Sai a na uku ya gyaɗa kai, ya karɓi wayar ya maimaita da Fulatanci, ya ƙara da cewa yaron ya ba da haƙuri, a yafe masa. Gyaran da ya yi mini a minti biyar ya fi abin da nake koyarwa a wata uku, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Rahila ta samu maki mafi yawa da na taɓa bayarwa. Ni kuma na koma alli da allo in zan ba da misalin ƙarya, don allo ba ya zuwa ƙauye. Na kuma gane cewa mutane ba labari suke yarda da shi ba, wanda ya kawo shi suke dubawa, kuma ni na zubar da nawa a banza. Har yau in na kira mahaifiyata na ce ina hanya, sai ta ce to, ta kashe, ta kira matata ta ji ko gaskiya ne.