Yadda Na Tura Asirina Bonabéri da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da ina so, don har yau in na ga koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta sai in kau da kai. Ina zaune a ofis ina cin burodi da wake, sai na lura kwafin da muka kunna tun safe bai gama ba. Takardu ba su da nauyi, me zai riƙe shi har azahar? Na matsa kusa don in karanta sunan abin da yake turawa. An rubuta "Alhaji 4". Na ajiye burodin.

Bari in koma baya kaɗan. Ina aiki a ofishin Alhaji Mudi a New Bell. Mutumin Katsina ne, bai daɗe sosai a Douala ba, yana da tireloli masu kai kaya Garoua da Cadi. Ni kuwa haifaffiyar unguwa ce, na yi sakandare (kada a tambaye ni sakamakon jarrabawa), don haka ni ce bakinsa na Faransanci: in karanta masa takardun kwastan, in ɗauki hotonsu in adana a kwamfuta, in amsa waya. Babana ne ya roƙa mini aikin. Sahu ɗaya suke tsayawa da Alhaji a masallaci, kuma babana irin mutanen nan ne da in aka ce an ji 'yarsa tana dariya da ƙarfi a titi, ranar ba zai ci abinci ba.

A daminar bara ruwa ya shigo ofis har gwiwa, ya kashe tsohuwar kwamfuta da takardun da ke cikinta duka. Alhaji ya rantse ba za a sake ba. Ya ɗauko wata mata daga unguwar Deïdo, Madam Solange, wadda adana bayanan kwamfuta ne aikinta. Ta kai wani ƙaramin baƙin akwati shagon ƙanensa Malam Sabo a kasuwar Grand Hangar da ke Bonabéri, can hayin gada, a bene inda ruwa ba ya kaiwa. Kullum abin da ke kwamfutarmu zai kwafi kansa ya tafi can ta intanet. Kuma abin da aka goge a nan, can zai zauna kwana talatin babu mai iya taɓa shi, saboda ɓarawo ko sakarai.

Ni na fassara wa Alhaji wannan bayani, har na ƙara gishiri. Na ce, "Alhaji, ko ni da nake kanta kullum ba zan iya goge komai a can ba." Da murmushi na faɗa, ina jin kaina injiniya.

Da safen Talatar nan, Madam Solange ta buɗe mini jerin dosiye-dosiyen da ke kwamfutar, wato jakunkunan da ake adana takardu a ciki, kowane da ɗan akwatinsa a gefe. Ta ce in duba ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi na aiki kawai, sannan ta fita amsa waya. Ni gwana, na ga babu dalilin wahalar da yatsana sau ashirin, na danna na can sama wanda ke kwashe komai.

To, cikin "komai" ɗin nan akwai wani dosiye nawa. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci, nakan kulle ƙofa, in ɗauko hular Alhaji da ke rataye a ƙusa da tsohon tabaransa, in hau kujerarsa, in kunna kyamarar kwamfuta. Bidiyo bakwai na yi. Na huɗun shi ne wanda na fi alfahari da shi: Alhaji yana waya da ma'aikacin kwastan da Faransanci. Kalmominsa ba su wuce goma ba, kuma duka yake zubawa lokaci guda, yana sosa kunne da makullin mota. (Ban yi don mugunta ba. Allah ne ya ba ni baiwa, ni kuma na rasa inda zan kai ta.)

Da na ga sunan nan da azahar, na goge dosiyen nan take. Na yi ajiyar zuciya. Minti uku na samu na kwanciyar hankali kafin muryata ta dawo mini a kunne, tana yi wa Alhaji alƙawarin ko ni ba zan iya ba.

Laraba na ce wa Alhaji ya kamata in je in duba lafiyar akwatin. Na hau benskin, wato acaɓa, mai babur ɗin yana kutsawa tsakanin manyan motoci a kan gada, ni kuma ina tsara yadda zan lallaɓa in share abin. Da na isa sai na tarar akwatin yana cikin kabad na ƙarfe mai raga, an sa kwaɗo. Babu fuska, babu madanni, sai ƙaramar koriyar wuta tana ƙyafta mini ido. Malam Sabo ya saya mini lemo, ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Yaya ya ce ko ƙura kada a share masa," in ji shi.

Na kalli wayar wutar da ta fito ta bayan kabad ɗin. Malam Sabo ya kalle ni. Na shanye lemona, na ce akwati lafiyarsa ƙalau, na dawo.

Da yamma na kira Madam Solange. Na ce mata a misali, in wani ya tura wani abu bisa kuskure, yaya ake yi?

"Ma petite, babu yadda ake yi. Dalilin aikin ke nan. Kwana talatin."

Na ce a raina to, ai babu mai buɗewa, zan daure. Sai ta ƙara da cewa, "Ranar Asabar zan zo mu gwada a gaban maigidanki. Ba na barin aiki ban ga ya dawo da abu da idona ba."

Asabar da hantsi ofis ya cika: Alhaji, Malam Sabo da ya tsallako gada musamman, da wani tsohon direba mutumin Garoua, Bappa Hamadou, wanda ya zo karɓar takardu ya zauna kallo. Madam Solange ta ce za a goge wani abu a dawo da shi. Na yi tsalle na ce ga wata tsohuwar takarda, a gwada da ita. Ta ɗaga mini hannu, idonta a kan kwamfuta. Ta ce babu buƙata, ga dosiye guda an riga an goge ranar Talata, gwaji na gaske ya samu.

Kowa ya juyo gare ni, tunda ni ce mai fassara.

Na ce, "Alhaji, ta ce komai yana aiki, an gama."

Bappa Hamadou, Allah ya saka masa, ya gyara zama. "A'a, Alhaji. Cewa ta yi an goge wani dosiye ran Talata." (Shekara talatin yana faɗa da jandarmomi a hanya, na manta ya fi ni Faransanci.)

Fuskar Alhaji ta canza. "Wa ya goge? A dawo da shi yanzu."

Ban taɓa ganin intanet ɗin ofishinmu ya yi sauri irin na ranar ba. Kullum sai ya sa ni jira, amma ranar abin kunyata ya tsallako kogin Wouri kamar an biyo shi da gudu. Sunaye bakwai suka jeru. Alhaji ya sa tabarau ya matso.

"Ai sunana ne. Buɗe na tsakiyar."

Sai ga ni na cika fuskar kwamfuta, hula ta rufe mini gira, na bubbuɗe ƙafafu a kujerarsa, ina ihu a waya: "Alo! Misye duwan! Kamiyo la, pa problem! Tu de swit, wallahi tu de swit!" Sannan na ɗauko makulli na fara sosa kunne ina lumshe ido.

Na saci kallon Alhaji. Makullin motarsa yana cikin kunnensa. A hankali ya zare shi, ya ajiye a kan tebur.

Bappa Hamadou ya kamu da tari ya fita waje, muna jin tarin yana rikiɗewa. Malam Sabo ya tusa fuska cikin hannun rigarsa, kafaɗunsa suna rawa. Madam Solange ta ce, "Donc ça marche," wato abin yana aiki, ta fara haɗa jakarta. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

"Kunna sauran," in ji Alhaji.

Ya kalli bakwai ɗin nan duka, bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba. Da aka gama ya ce, "Je ki gida."

Kwana biyun da suka biyo, sau biyar a rana babana yake zuwa masallaci, sau biyar nake mutuwa. Duk dawowarsa ina bayan labule ina karanta fuskarsa. In ya yi gyaran murya sai in ce shi ke nan. Innata ta ga ba na cin abinci, ta ce zazzaɓi ne, ta ɗura mini magani mai ɗaci. Na shanye ban yi musu ba, na ga kamar na cancanta.

Litinin na je ofis da leda a jaka don kwashe kofina da sallayata. Alhaji ya shigo, ya zauna, ya daɗe yana jujjuya takardu kamar babu kowa a ɗakin. Sannan ya ce, "Ke 'yar Malam."

"Na'am, Alhaji."

"Jiya babanki ya tambaye ni yadda kike aiki."

Na riƙe gefen tebur.

"Na ce masa kina lura da komai. Har abin da ba a sa ki ba." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ba zai ji daga bakina ba. Sabo da Hamadou ma na ja musu kunne. Akwatin yana aiki, abin da nake so in sani ke nan. Amma na shidan nan ƙarya kika yi mini. Ba na barci baki buɗe."

Na ce, "Haka ne, Alhaji." (Yana yi.)

Abin da na koya bai da yawa: abin da ka ɓoye nesa don kada ruwa ya kai gare shi, kai ma ba za ka kai ba, don haka ka leƙa ciki kafin ka danna "duka". Har yanzu in Alhaji ya ɗauki waya ya ce "Alo", ƙasa nake kallo ina salati a zuci.

Ranar dai, sai ya miƙo mini wata takardar kwastan. "Zauna ki karanta mini wannan. Da muryarki, ba tawa ba."

Na kalli agogon bango. Ƙarfe goma da kwata. Na zauna, na fara karantawa.