A Sauko Min da Shi Inda Hannuna Zai Kai

Makarantar da marigayi ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa ta ce a kafa allon tagulla mai sunansa a ƙofar ajinsa. Jikansa Dogo, mai sana'ar rubutu a ƙarfe, shi ya yi aikin. Yana kan tsani sai ga Kaka, matar marigayin, tana dogara sanda. Su biyun nan kuwa ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"...lafiya lau na tashi, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya."

"Matata ta kaina! Har yanzu mutuwa ba ta gano gidanki ba?"

"Ta zo, na kwatanta mata shagonka. Wane murfin tukunya ne wannan kake liƙawa?"

"Murfin tukunya? Fulak sunansa da Turanci. Faifan ƙarfe ko dutse ne da ake yi wa rubutu, a kafa a bango don tunawa da mutum."

"Fulak! Ko sunan maganin ɓera."

"Turawan Ingila ma aro shi suka yi wajen Faransawa, su kuma wajen mutanen Holan, inda asalinsa yake nufin mannawa ko yin faci."

"Aron aro ke nan. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Mijin nawa za ku yi wa faci kamar tayar keke?"

"Mutumin da ya jure girkinki har ya tsufa ai ya cancanci zinariya ma."

"Girkin nawa ne ya miƙar da kai haka kamar sandar rake, tsawo ba wayo. Don me ka kai shi can sama? Tsuntsaye ya koyar?"

"Ƙa'ida ce, inda mai karatu zai hango shi daga nesa ake sa shi. Ke da ba ki san ko baƙi ɗaya ba, ina ruwan biri da gada?"

Wallahi wannan ta shige ta.

"Ban iya karatu ba, gaskiyarka. Shi yake karanta min komai. Yau da babu shi, so nake in shafa sunansa da hannuna, ɗan banza."

Dogo ya kwance ƙusoshin, ya sauko, ya sake huda bango daidai kafaɗarta. Kaka ta bi haruffan da yatsa a hankali, tana share ido da gefen mayafi.

"Ya yi miki, tsohuwa?"

"Ya karkace."

"Bayanki ne ya karkace!"

Ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba. Ta kwance bakin zane ta ciro tsohon agogon marigayi, ta danƙa masa.

"Ungo, ka ci tukuici. Ba ya tafiya, kamar ƙwaƙwalwarka, amma nasa ne."