Nonon Raƙumin Butar Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya sha shayi a gidana ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar.

Lokacin muna sababbin tarewa a wani gidan haya can ƙarshen Limawa a Dutse. Ruwan famfon unguwar zartsi ne da shi. Ka goga sabulu har hannu ya gaji ba kumfa, ka yi wanka ka fito fari fat kamar an tumurmusa ka a toka. Butar shayi kuwa farin ƙanzo take yi a ciki, mai tauri kamar siminti. Maiɗakina Hauwa ta sha cewa in sayo lemon tsami a wanke butar, ni kuma kullum sai in ce gobe.

Sai ga Baba, mahaifinta, ya zo asibiti daga Jahun saboda ciwon gwiwa, ya biyo ya huta kafin ya koma. Hauwa tana maƙwabta, don haka ni na haɗa masa shayi da hannuna (neman suna nake, ba wani abu ba). Ina miƙa kofin na hango fararen ɓarɓashi suna yawo a sama.

Baba ya leƙa kofin ya ce, "Malam, mene ne wannan a ciki?"

Gaskiyar kalma biyu ce: ruwanmu ne. Amma kunyar a ce na ajiye 'yarsa inda ruwa ma bai da kyau ta kama ni, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Busasshen nonon raƙumi ne, Baba. Tsarabar Umara ce wani abokin aikina ya ba ni. An ce yana maganin gwiwa."

(Har yau ban san wanda ya aike ni ƙara zancen gwiwar nan ba.)

Baba ya yi bisimilla ya shanye, ya sa yatsa ya lashe na ƙasan kofin, ya nemi ƙari. Da zai tafi na kankaro ɗan abin da ke butar a ɓoye, na ƙulla masa a leda.

Ba a jima ba ya bugo waya. Gwiwa ta yi sauƙi, har ya yi sallah a tsaye. A ƙaro masa, kuma limaminsu ma yana so.

Butarmu ta riga ta zama tas, ƙanzon kuma ba ya taruwa da wuri. Na yi ta tafasa ruwa ba dalili har gas ya ƙare, abin da na samu bai cika cokali ba. Sai na shiga maƙwabta. Na fara da Maman Rahila, 'yar Filato da ke aiki a sakatariya.

Ta ce, "Maigida, butata za ka wanke mini? Kyauta?"

Na ce, "Ai zaman tare ya fi haka."

Labari ya zaga unguwa cewa an samu bawan Allah mai wanke butoci don neman lada. Mata suka riƙa aiko da nasu, har da tukwanen dafa ruwan wanka. Abin da na kankaro sai in ƙulla in aika wa Baba da liman. Hauwa, da na gaya wa komai, ta ce ba ruwanta, ubanta ne, kuma in har ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba. Sai na riƙa riga ta ɗaukar wayarsa.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida daga ni sai singileti da gajeren wando, na jera butocin unguwa a gabana, ina kankara da cokali ina tarawa a faranti. Gefe ga ƙullin ledoji da na gama ɗaurewa. Ƙarar kankarar ta hana ni jin sallama. Ina ɗaga kai na ga Baba tsaye, bayansa liman da wani dattijo mai dogara sanda. Adaidaita suka ɗauko takanas, wai liman zai yi mini godiya baki da baki.

Baba ya dubi farantin, ya dubi ledojin, ya bi butocin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na durƙusa da cokali a hannu ina ta "sannunku da zuwa" ba ƙaƙƙautawa.

Can ya nuna su da baki ya ce, "Malam, wacce ce raƙumar a cikinsu?"

Na ji Hauwa ta ruga ɗaki ta rufe ƙofa. Daidai nan Maman Rahila ta leƙo ta katanga tana tambaya ko tata ta yi, wai baƙi za ta yi.

Na faɗi gaskiya ina kallon ƙasa. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai tasa gwiwar ta yi sauƙi, kuma waraka daga Allah take. Mai sandar ya ce ai shi bai biyo hanya don ya koma hannu rabbana ba. Haka na cika musu jarka da ruwan famfonmu, na ɗauka a ka har bakin titi, Baba yana gaba ina biye.

Ya yafe mini daga baya, amma duk wani biki a Jahun, da na shigo sai in ji ana cewa, "Ga Mai Raƙuma nan."

Yanzu idan baƙo ya ga wani abu a shayina, nan take nake ɗora wa ruwan laifinsa. Shi ba shi da surukai.