Rasuwar Shangazi, Motar Masu Ƙidayar Furanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu cike da taɓo, Uwargida Atuganile Mwaipopo, wadda aka fi sani da Maman Lusajo, shugabar ayarin da ke hawa tsaunukan Makete duk damina don ƙidaya furannin daji a filayen gwamnati, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da makanikai na kusa da na nesa, rasuwar motarsu Shangazi, gwaggon kowa da kowa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a hawan da ke fuskantar Kwarin Ndasi, bayan doguwar jinya wadda mamaciya ta jure da hayaƙi mai yawa. Wanda ya bayar shi ya karɓa.

Ba wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. An dai ce ta fara aiki a wani asibitin mishan, inda ta ɗauki masu naƙuda da gawawwaki ba ta nuna bambanci ba. Daga nan ta faɗa hannun wani ɗan kasuwar dankalin Turawa da ya karya mata ƙugu da lodi, ya sake ta ba tare da sallama ba. A wannan hali ofishin kula da tsirrai ya tsince ta, ya damƙa wa Maman Lusajo ita tare da direbanta, Baba Tweve, wanda tun daga ranar ya fi kwana a gefenta fiye da ɗakin matarsa.

Mamaciya mai son jama'a ce. Ba ta taɓa tashi da safe ba sai an taru an tura ta, kuma ta haka ta haɗa kan mutanen da ko gaisuwa ba sa yi wa juna. Ba ta da rowa: duk ruwan da sama ta ba ta, sai ta raba wa na ciki, musamman shugaba, domin daidai kanta rufin ya huje. Ƙofarta ta hagu da igiya ake ɗaure ta, ta dama kuwa sai ta waje ake buɗe ta, saboda haka wanda ya shiga Shangazi ya san sai da taimakon ɗan'uwa zai fita. Ta ɗauki buhun garin masara, da tukunya, da katakan danne ganye, da tsofaffin jaridu, da turakun ƙarfe masu jan ƙyalle, ta ɗauki mutane a kan duk waɗannan, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Abin da kawai takan ce shi ne "gyar-gyar-gyar, ɓam!" Ana jin wannan magana tata daga bayan tsauni, har karnukan ƙauyuka sun daina yi mata haushi.

Wanda bai san aikin da ta mutu a kansa ba, ga shi a taƙaice. Furannin cikanda ake ƙidayawa, waɗanda saiwarsu ke kwance a ƙasa kamar ƙaramin dankali, ana tona ta a daka da gyaɗa, a kai ta kasuwannin ƙetaren iyaka inda ba ta kwana. Da damina furen yakan fito ya nuna kansa. Da ruwa ya ɗauke sai ya zube, ciyawa ta bushe, wuta ta bi ta kai, daga nan ko uwar da ta haife shi ba ta iya nuna inda yake kwance. Shi ya sa duk inda ayarin ya sami irin da ya yi ƙaranci, sai a kafa turke a ɗaura jan ƙyalle, don a dawo baɗi a ga ko ya ƙaru, don kuma mutanen ofis su zo su gani da idonsu. Ofis ba ya karɓar ƙidayar da ba ta da turke. Maman Lusajo tana alfahari da turakunta, da hannunta take yanka ƙyallen, kuma ja take zaɓa mai haske wanda ko makaho zai hango.

Damina bayan damina suna dawowa su tarar da turke a tsaye, ƙyalle na kaɗawa, kewaye da shi kuwa ramuka ne kamar an yi wa ƙasa sakiya. Maman Lusajo ta ɗora laifin a kan aladun daji, ta tsine musu iya tsinuwa. Huruma, ƙaramar cikin ma'aikatan kuma mai bakin da ba ya hutu, ta taɓa cewa, "Yaya, aladun nan dai 'yan gidan tarbiyya ne. Sun tone ko'ina, amma turkenki ko kaɗa shi ba su yi ba." Aka yi dariya, aka tura Shangazi, aka wuce.

Ciwon ajalin ya faro ne daga ƙasa. Mamaciya ta daɗe tana ɗigar da baƙin mai, ɗigo-ɗigo, duk inda ta taka, a kan dutse da ciyawa, ga kuma sawun tayoyinta da ke nutsewa a danshi ya kwana wata da watanni bai goge ba. Maman Lusajo ta yi ƙorafi, Baba Tweve ya kare mutuniyarsa. "Tsufa ne, Maman Lusajo. Wace tsohuwa ce ba ta ɗiga? Ke ma kina nan zuwa." Ya yi mata magani da sabulu, ya yi da tsumma, ya yi da addu'a. Daga baya tari ya shigo, sai zazzaɓi, har ya zama kowane rafi aka iso sai an tsaya an shayar da ita.

Ana cikin wannan jinya saƙo ya zo daga ofis cewa da zarar ruwa ya ɗauke, duk filin da ba a kafa masa turke ba za a ɗauka ba shi da komai, za a ba masu dashen itatuwan katako su shigo da tarakta. Kwarin Ndasi ba shi da turke ko ɗaya, domin mota ba ta taɓa kaiwa can ba. A can ne kuwa, a iya sanin Maman Lusajo, wani jan furen cikanda mai launin goro ya rage, wanda ayarin ke kira 'Yar Kunya saboda ba ya daɗewa a buɗe. Sauran wuraren da ake samunsa duk sun koma ramuka. Maman Lusajo ta gan shi a kwarin tun tana budurwa, da ƙafa ta je, kuma shi ne ya sa ta shiga wannan aiki da bai bar mata komai ba sai ciwon gwiwa.

Baba Tweve ya faɗi gaskiya tun a gindin tsauni. "Wannan hawan ba na sa'arta ba ne. Ku bar baiwar Allah ta ƙarasa kwananta a shimfiɗe."

"Baba, furen ya kusa zubewa," in ji Maman Lusajo. "In ya zube ba turke, shi ke nan, tarakta ce. Ka lallashe ta, tana jin maganarka."

Ya shafa sitiyari, ya raɗa mata abin da ya raɗa, ta tashi. A shaida mata, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ci rabin hawan tana kuka, tayoyi na watsa taɓo, kowa ya sauka yana turi har da shugaba. Ta ce "gyar-gyar." Ta sake cewa "gyar." Aka jira "ɓam" bai zo ba. Sai wani dogon numfashi, "fuuuu," farin hayaƙi ya tashi daga murfin inji, baƙin jininta ya kwarara gaba ɗaya ya bi gangare. Baba Tweve ya sa mata dutse a bayan taya, ya cire hularsa. Maman Lusajo ta zauna a taɓo ta yi kuka na gaske, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Mamaciya ta rasu ta bar miji ɗaya, Baba Tweve, wanda har yanzu bai saki makullin ba ko da yake makullin bai taɓa tayar da ita ba. Ta bar tayar safaya da ta riga ta suɗe, da jarkar ruwa, da igiyar ƙofa, da ma'aikatan damina waɗanda da ma ranar sallamarsu ta matso kuma gonakin dankalinsu na kiransu. Ta bar makanikai da yawa cikin maraici. Ta kuma bar wasu dangi da iyalan ba su san da su ba sai washegarin rasuwa.

Da safiyar Laraba aka hango mata suna hawowa a jere, zannuwa ɗaure a ƙugu kamar yadda ake zuwa gidan makoki, suna bin layin baƙin mai ba su kauce ba. A gabansu wata gwauruwa ce mai suna Tulizo, daga ƙauyen da ke ƙasan tsaunin, wadda ke riƙon marayun ɗanta. Sun kawo dafaffen dankali da itacen wuta. Tulizo ta dafa gefen motar ta rangaɗa kuka, sannan ta durƙusa ta gaida shugaba.

"Sannu da rashi, Maman Lusajo. Wannan mutuwa tamu ce duka. Mu da muka ji shiru jiya, tuwo ma bai shiga ba."

Maman Lusajo ta ji daɗi har ranta. "Na gode, Iya. Ashe kun san ta haka?"

"Sani? Ai ita ce idonmu! Da can, in rani ya yi, yini muke muna tonon banza, mu dawo da abin da bai cika tafi ba. Tun da kuka zo kuwa, sai mu ji tarinta mu san tsaunin da kuka hau. Ruwa na ɗaukewa mu bi ɗigonta, ta kai mu har gaban jan ƙyalle. Allah ya yi miki albarka da ƙyallen nan, 'yata, ko ni mai hakiya ina hango shi. Kuma mun hana kowa taɓa miki turke, mun ce kayan gwamnati ne."

Huruma ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar ƙofa.

"Iya," in ji Maman Lusajo, "kun ƙarar da su fa. Ba su sake fitowa."

"To da me zan ciyar da yaran nan, da fure? Ke kina ƙirga su, mu muna cin su, kowa da aikinsa." Tulizo ta share hawaye da bakin zani, ta dubi hancin motar, ta bi inda yake kallo da ido har zuwa bakin kwarin. "Oho. Can kuka nufa ashe."

Bayan sun tafi, Huruma ta ce za ta ɗaura gammo ta ɗauki turakun a ka, tafiyar ba ta fi ƙarfin ƙafa ba, furen ma bai gama zubewa ba. Maman Lusajo ta daɗe tana kallon jan ƙyallen da ta yanka da hannunta. In ta kafa, fartanyar Tulizo ce da rani. In ba ta kafa ba, tarakta ce bayan ruwa. Gaba kura, baya siyaki. Ta nemi wanda za ta tsine wa ta rasa, domin aladun daji sun fita daga zargi, Tulizo tana da bakunan ciyarwa a gida, mamaciya kuwa ba a faɗin laifinta. Ta ce wa Huruma ta mayar da gammon.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an sha shayi, a wurin da ta cika, tunda ba mai jan ta zuwa gari kuma ofis ya ce ba shi da wata motar. Ana roƙon maza majiya ƙarfi su zo da wuri a tura ta turin ƙarshe, a juya hancinta ya kalli hanyar gida, ko da yake an san Tulizo ta riga ta ga inda yake kallo. Baba Tweve zai karanta tarihin mamaciya idan murya ta bar shi. Mawaƙan coci za su rera abin da suka ga ya dace. Za a zuba turakun duka a cikinta, da ƙyallensu, a ɗaure ƙofar hagu da igiyarta, kowa ya watsa ƙasa tafi ɗaya. Ba za a yi zaman makoki ba, domin ma'aikata za su wuce gonakinsu daga nan, kuma ba a sani ba ko za a sake kiran su baɗi.

Bayan an watse, Maman Lusajo za ta gangara Kwarin Ndasi da ƙafa, hannu rabbana, ta yi wa 'Yar Kunya kallon da ya rage. Ba ta buƙatar rakiya.

Iyalan mamaciya suna roƙon kada a kawo furanni. Wanda ya san inda wasu suka rage, don Allah ya yi shiru da bakinsa.